Lambun Keukenhof da Gonakin Tulip na Holan: Me Tikitin Yake Saya wa Baƙo?

Duk wanda ya ƙudurta zuwa ƙasar Holan don ganin furen tulip, sunan da zai fara ji daga bakin masu shirya tafiye-tafiye shi ne Keukenhof, wani lambu da ke gefen garin Lisse, a tsakanin biranen Haarlem da Leiden. Kimanin makonni takwas kawai ake buɗe shi a shekara, daga wajen 20 ga watan Maris zuwa kusan tsakiyar Mayu, amma a cikin wannan ɗan taƙaitaccen lokaci mutane fiye da miliyan ɗaya ne suke shiga ƙofarsa. A ganina lambun ya cancanci kuɗin da ake biya, har ma da ƙari. Sai dai akwai wani ruɗani da ya kamata a warware tun kafin mutum ya sayi tikiti, domin Keukenhof daban, gonakin tulip ɗin nan masu layuka miƙaƙƙu har iya ganin ido da ake nunawa a hotunan talla su ma daban, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya a ransa zai iya komawa gida da ɗan ƙorafi, alhali ba a rage masa komai daga abin da ya saya ba.

Tarihin wurin ne yake bayyana dalilin wannan bambanci. A ƙarni na 15 filin yana cikin ƙasar fadar Teylingen, inda ake samo ganyayyaki da naman farauta don ɗakin girkin Jacoba van Beieren, wadda ke riƙe da sarautar yankin a zamanin. An gina gidan sarauta na Keukenhof a shekarar 1641, sannan a 1857 Jan David Zocher da ɗansa Louis Paul, waɗanda su ne suka tsara lambun Vondelpark na Amstadam, suka sake fasalin harabar bisa salon lambunan Ingila, mai karkatattun hanyoyi da tafkuna da manyan bishiyoyi. Baje kolin furanni kuwa sai a 1949 aka kafa shi, lokacin da wasu manoma da masu fitar da irin fure zuwa ƙasashen waje suka haɗa kai don su sami wurin da za su nuna wa duniya hajarsu, aka kuma buɗe wa jama'a a 1950. Har yau tsarin bai sauya ba: kamfanoni kusan 100 ne suke bayar da irin, kuma a gaban kowane fage akwai ɗan allo ɗauke da sunan nau'in furen da na wanda ya kawo shi. Ke nan baƙo yana yawo ne a cikin dandalin talla na masu sana'a, wanda aka ƙawata shi ƙwarai da gaske.

Ƙawatawar kuwa ta kai a yaba. Faɗin lambun hekta 32 ne, kuma a kowace kaka, tun daga watan Oktoba, masu aikin lambu suna dasa iri kusan miliyan 7 da hannu, ɗaya bayan ɗaya, bisa zanen da aka riga aka tsara. Irin tulip ba ƙwaya ba ce, dunƙulalliyar saiwa ce mai kama da albasa, wadda take kwana a ƙasa duk tsawon hunturu kafin ta tsiro. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne dabarar dasawa hawa-hawa a rami ɗaya, inda ake sa mai jinkirin fitowa a can ƙasa, mai matsakaicin lokaci a tsakiya, mai saurin fitowa kuma a sama, ta yadda idan fure ɗaya ya bushe wani yana tasowa a gurbinsa. Wannan ne ya sa fage guda yake iya riƙe launi na tsawon makonni, abin da gonar manomi ba ta yi. Idan mutum ya durƙusa a gefen fage a tsakiyar Afrilu zai ga shaidar haka da idonsa: siraran ganyen furen kurokus mai saurin fitowa da ya riga ya gama aikinsa suna kwance a ƙasa, furen hayasin mai matsakaicin lokaci yana tsaye da ƙamshinsa mai ƙarfi da ke cika hanci, a tsakaninsu kuma ga kawunan tulip kore shar, a rufe, ba su ko fara nuna launinsu ba.

Nau'o'in tulip da ake nunawa sun kai wajen 800, kuma a nan ne lambun ya yi wa kowace gona nisa. Akwai masu baki kamar an yi musu yankan zigizaga da almakashi, akwai masu ninkin ganyen fure har mutum ya rantse ba tulip ba ne, akwai kuma masu duhun launi da ake kira baƙaƙe, ko da yake idan rana ta haska su ja ne mai tsananin duhu da ya karkata zuwa shuɗi. Babban zauren gilashi mai suna Willem-Alexander yana da muhimmanci ga wanda ya zo da wuri, saboda a cikinsa tulip yana buɗewa ko da na waje bai kai ba, zauren Beatrix kuma na furen okid ne. Mai son tarihi zai sami bayanin yadda furen, wanda asalinsa daga tsaunukan tsakiyar Asiya yake, ya bunƙasa a lambunan sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya kafin ya shigo Turai, da yadda masanin tsirrai Carolus Clusius ya dasa shi a lambun jami'ar Leiden a 1593, da kuma haukar cinikin da ta biyo baya, wadda ta kai farashin wasu nau'o'i matsayin da ba ya shiga hankali kafin kasuwar ta rushe a watan Fabrairun 1637. Abin mamaki shi ne, zane-zanen launi da suka sa waɗancan furanni tsada, daga baya aka gano cewa wata cuta ce da ƙananan ƙwari suke yaɗawa take haddasa su.

Ta fuskar tsari da hidima, ba ni da wani babban abin suka. Tikitin babba ya kasance kusan Yuro 20 a shekarar 2025 idan aka saya ta intanet, kuma tikitin yana ɗauke da rana da lokacin shiga, saboda haka wanda ya bari sai ya isa ƙofa a ranar cunkoso zai iya tarar da an sayar da guraben da yake so. Garin Lisse ba shi da tashar jirgin ƙasa da ake amfani da ita yau da kullum, amma a lokacin baje kolin ana sa motocin bas na musamman daga filin jirgin sama na Schiphol, da Amstadam, da Leiden, da Haarlem, kuma ana iya sayen tikitin mota da na shiga a haɗe, wanda shi ne mafi sauƙi ga baƙon da bai san gari ba. Hanyoyin cikin lambun shimfiɗaɗɗu ne, keken guragu da na jarirai suna bi ba tare da wahala ba, akwai kuma kujerun hutawa da wuraren wasan yara. Abinci yana da tsada kamar yadda aka saba a wuraren yawon buɗe ido, amma ba a hana mutum shiga da guzurinsa.

Cunkoso shi ne harajin da kowa yake biya, kuma babu yadda masu lambun za su yi da shi tunda lokacin gajere ne, masu so kuma suna da yawa. Daga hantsi zuwa la'asar, musamman a ranakun ƙarshen mako da hutun Ista, motocin ayari suna sauke mutane babu ƙaƙƙautawa, har ya zama a wasu lunguna tafiya sai a hankali, kowa yana jiran na gabansa ya gama ɗaukar hoto. Ranar da ta fi kowace cika ita ce Asabar ɗin da ake jerin gwanon motocin da aka yi wa ado da furanni, wanda yake tashi daga Noordwijk zuwa Haarlem, tafiyar kusan kilomita 40, yana kuma ratsawa ta kusa da lambun, ana rufe hanyoyi saboda shi. Mafita ita ce a shiga da ƙarfe 8 na safe lokacin buɗewa, ko kuma a bari sai yamma ta yi. Sai dai sammakon ma yana da nasa farashin, domin tulip yana rufe bakinsa idan akwai sanyi ko hadari, sai rana ta dumama shi yake buɗewa, saboda haka mai sammako yakan sami sarari amma ya tarar da furanni a tsuke.

To, ina gonakin? Suna nan kewaye da lambun, a yankin da ake kira Bollenstreek, wani siririn yanki mai ƙasa rairayi a bayan tuddan yashi na gaɓar teku, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, abin da wannan iri yake buƙata ke nan. Daga cikin Keukenhof hanya biyu ce ake hango su. Ta farko ita ce hawa tsohon injin niƙa mai fikafikai da iska ke juyawa, wanda aka ƙera a 1892 aka kuma kawo shi lambun a 1957, inda daga barandarsa ake ganin gonakin da ke maƙwabtaka. Ta biyu ita ce ƙaramin jirgin ruwa mai aiki da lantarki da ke zagaya magudanun ruwa na tsawon minti 45, da kuɗinsa daban. Game da jirgin, shawarata ita ce kada a ɗora masa buri mai yawa, saboda mazauninsa yana ƙasa da bakin gona, mutum yana kallon layukan ne daga gefe, ba daga sama ba, kuma abin da zai gani ya dogara ga abin da manoman gefen magudanar suka shuka a wannan shekarar.

Keke ne ya fi dacewa da wannan aiki. Ana bayar da hayarsa a kusa da babbar ƙofar shiga tare da taswirar hanyoyi gajeru da dogaye, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, sai dai iskar teku da kan yi wa mai tuƙi gardama, wadda ta sa rigar sanyi mai hana ruwa ta zama dole ko da gari ya waye da rana. A kan keke ne mutum yake cin karo da abin da ya gani a hoto, wato layin ja, da na rawaya, da na fari, kowane ya miƙe sambal har ƙarshen gona, kuma kallon bai buƙatar tikiti.

Amma fa wajibi ne baƙo ya san cewa manomin ba don fure yake noma ba, saiwar da ke ƙasa ita ce amfanin gonarsa. Yana barin furen ya buɗe ne na ɗan lokaci domin ya bi layi-layi ya tantance nau'in, ya kuma tumɓuke masu cuta, daga nan sai ya shigo da na'ura ta sare kawunan gaba ɗaya, don ƙarfin tsiron ya koma ƙasa saiwar ta yi girma kafin a haƙe ta a watannin Yuni da Yuli. Wannan sara yakan faɗo ne wajen ƙarshen Afrilu, kuma aiki ne na sa'o'i kaɗan. Gonar da take ja wur da safe tana iya zama kore kafin faɗuwar rana, kawunan furen suna zube a kwarin kunya. Bugu da ƙari, ba a maimaita tulip a gona ɗaya shekara bi shekara saboda cututtukan ƙasa, don haka wurin da wani ya ɗauki hoto bara yana iya kasancewa da wani amfanin dabam bana. Saboda waɗannan dalilai, duk mai shirya tafiya da ya yi wa mutum alkawarin gonaki cike da fure a wata rana ta musamman tun watanni kafin lokacin, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Makonni biyu na tsakiya zuwa ƙarshen Afrilu su ne suka fi kusa da tabbas, ko da yake sanyin shekara yana iya jinkirta su, ɗuminta kuma ya gaggauta su. Wanda ya zo a ƙarshen Maris furannin dafodil da hayasin zai fi samu a fili maimakon tulip, wanda ya zo a Mayu kuma lambun ne zai fitar da shi kunya.

Akwai kuma batun ladabi, wanda ya daɗe yana ci wa manoman yankin tuwo a ƙwarya. Gonakin mallakar mutane ne, ba su da shinge a mafi yawan wurare, kuma rashin shingen ya sa wasu baƙi suke kutsawa tsakiyar layuka don ɗaukar hoto, suna tattake tsirrai, suna kuma iya ɗaukar cuta a takalmansu daga wata gona zuwa wata. Allunan da aka kafa da harsuna daban-daban suna roƙon a tsaya a bakin gona, kuma roƙon yana kan gaskiya. Mai son hoto a tsakiyar furanni yana da wurin zuwa, domin wasu gonaki a yankin sun keɓe fage na musamman don baƙi, ana biyan kuɗi kaɗan a shiga, a wasu ma har a tsinki fure a tafi da shi.

Kan sayen iri a shagunan wurin, ina ba da shawarar a yi hattara. Lokacin dashensa kaka ne, saboda haka wanda ake sayarwa a hannu a watan Afrilu ba sabon haƙa ba ne, ya fi kyau a zaɓi nau'in da aka gani a fage a yi odarsa, a aiko da shi idan lokacin dashe ya yi. Haka kuma tulip ba ya fure sai ya sha sanyi na tsawon watanni uku ko fiye, kuma ƙasashe da yawa ba sa barin a shigo da tsiro ba tare da takardar shaidar lafiyarsa ba.

Wanda gonakin ne kaɗai suka kawo shi, ba ya kuma son turereniya, yana iya nufar Noordoostpolder a lardin Flevoland, ƙasar da aka ƙwato daga ruwa aka busar da ita a 1942, ko kuma arewacin lardin Noord-Holland, inda gonakin suka fi na kewayen Lisse faɗi nesa ba kusa ba. A Noordoostpolder ana shirya bikin tulip duk shekara tare da hanya mai alamomi da ake bi a mota ko a keke, sai dai motocin haya na jama'a ba su da yawa a tsakanin ƙauyukan, don haka baƙo zai buƙaci hayar mota da kuma yini guda cikakke idan daga Amstadam zai taso.