Maigadi, 'Yan Sintiri ko Kamfani: Wa Za Ku Damƙa wa Ƙofar Unguwa?

Galibi sai an yi sata ake tuna maganar gadi. An haura katanga an kwance batiran sola, ko an ɗauke babur a ƙofar masallaci, sai guruf ɗin WhatsApp na unguwa ya kama da wuta, a kira taro ranar Lahadi bayan la'asar, kuma kafin magariba an yanke shawarar ɗaukar duk wanda wani ya ce ya sani. Wannan gaggawar ce ke sa bayan wata huɗu a koma gidan jiya. Ko a rukunin gidaje mai katanga kuke irin na Lokogoma da Lugbe da Gwarinpa a Abuja, ko a layin da mazauna suka yi karo-karo suka sa wa ƙofar ƙarfe a Kano ko Kaduna, tambayar da ya kamata ta riga farashi ita ce: idan abu ya lalace, wa za mu kama? Amsarta ce ke bambanta zaɓin da ke gabanku.

Maigadin gargajiya shi ne mafi araha kuma wanda aka fi sabawa da shi. Yana zaune a ɗan ɗakin bakin ƙofa da tocila da gora da usur, ya san motar kowa, ya san yaran gidan wane da mai aikin gidan wance, kuma baƙuwar fuska ba ta wuce shi. Wannan sanin ba a sayensa a kamfani. Amma mutum ɗaya ne. Zai yi barci, zai yi rashin lafiya, zai tafi gida noma ko sallah. Kuma tun da albashinsa bai taka kara ya karya ba, kowa na ganin yana da ikon aikensa: Hajiya ta tura shi sayen gas, Alhaji ya sa shi wankin mota, ƙofa kuwa tana buɗe ba kowa. Idan layinku gida goma ne zuwa ashirin, ƙofa ɗaya, kuma kun san juna, maigadi biyu masu karɓa-karɓa sun ishe ku. Sharaɗin shi ne kowannensu ya kawo mai tsaya masa wanda aka san gidansa, a kai shi gaban mai unguwa, a ajiye hotonsa da lambar katin ɗan ƙasarsa, kuma a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a aikensa yana bakin aiki.

'Yan sintiri, ko 'yan banga, sun fi ƙarfi inda unguwa ke da faɗi, babu katanga, kuma akwai lunguna da kangwaye da maigadi ɗaya ba zai iya zagayawa ba. 'Yan gari ne, sun san maɓoyar ɓata-gari, suna fita rukuni-rukuni, kuma ɓarawon unguwa na shakkarsu fiye da yadda yake shakkar mai kaki a bakin ƙofa. A nan ne kuma haɗarin ya fi girma, don haka zan ɗan tsaya. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yarda farar hula ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma ta wajabta a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba ta yarda a ɗaure shi a jikin turken lantarki a yi masa dukan kawo wuƙa don ya amsa laifi ba, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da wannan laifi mai zaman kansa. Duk wanda ya ji abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta matafiya da ke kan hanyarsu ta zuwa Kano bayan 'yan sintiri sun tare motarsu, ya san inda zargi ke kai mutane idan babu mai tsawatarwa. Ranar da 'yan sintirin da kuke biya suka illata ɗan wani, shugaban ƙungiyarku da ma'ajinta za a fara nema. Saboda haka kada ku ɗauki wata tawaga sai kun je ofishin 'yan sandan yankinku kun ji daga bakin DPO, wato shugaban ofishin, cewa ya san su, sunayensu na wurinsa, kuma ya san irin kayan da suke riƙewa. Kada kuma a rikita su da dakarun da gwamnatocin jihohi suka kafa, irin na Katsina a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024. Waɗancan na gwamnati ne, ba na haya ba.

Kamfanin tsaro ya fi su tsada, kuma abin da kuke saya a wurinsa ba kakin ba ne. Kuna sayen ofishin da za ku je ku buga tebur. Idan ma'aikaci bai zo ba, kamfani ne zai kawo madadinsa. Idan an kama shi da hannu a sata, akwai wanda ya sa hannu a yarjejeniya. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ce ke tafiyar da su, kuma hukumar Sibil Difens ce ke kula da rajistarsu da sa musu ido. Ku nemi ganin lasisin da idonku, ku duba ko wa'adinsa bai ƙare ba, sannan ku tura mutum ofishin hukumar na jiharku ya tabbatar. Takardar rajistar kamfani kaɗai ba lasisin gadi ba ce, kuma da yawa ita suke nunawa. Wani abin da mutane ba su cika sani ba: dokar ta hana ma'aikatan waɗannan kamfanoni riƙe bindiga. Duk kamfanin da ya yi muku alƙawarin masu gadi da makami, ko dai yana nufin zai haɗa da jami'an gwamnati, ko kuma yana shirin jefa ku cikin laifi.

Raunin kamfani yana cikin aljihun ma'aikacinsa. Ku biya kuɗi mai kauri a kan kowane mutum, amma abin da ke isa hannunsa ya zama rabi, kuma ya zo a makare. Mutumin da ke gadin gidajen masu hali alhali ana binsa kuɗin haya, jaraba ce aka ajiye a gabansa. Ku ja ɗaya daga cikin ma'aikatan kamfanin gefe a wani wurin da suke gadi, ku tambaye shi nawa yake karɓa da kuma ranar da ake biyansa. Ku leƙa littafin bakin ƙofa: akwai sa hannun mai zagayen duba su da dare, ko kuwa shafukan duk rubutun mutum ɗaya ne da biro ɗaya, alamar an zauna an cike su a lokaci guda? Kuma ku je wurin da ƙarfe biyu na dare, ba da rana ba. Wani raunin shi ne yawan sauya ma'aikata. Yau wannan, wata mai zuwa wancan, har babu wanda ya daɗe ya san mutanen unguwa. Ku sa a yarjejeniya cewa ba a sauya mutum sai da saninku.

Ga lissafin da ake gudu a wurin taro. Ƙofa ɗaya da ake so a tsare dare da rana, mutum biyu a kowane zango, tana buƙatar mutum huɗu da na biyar mai karɓar hutu. Idan aka auna da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, naira 350,000 ke nan a wata, ba a sa ribar kamfani ba, ba a sa kaki da tocila da katin waya ba. Gida 60 idan kowa ya biya, ya kusa naira 6,000 a kan kowane gida. Amma kowa ba ya biya. Idan 40 ne ke biya, kuɗin ya haura naira 8,700. Ku yi lissafi da adadin masu biya na gaskiya, ba da adadin gidaje ba. Tsarin da za ku iya ɗauka duk wata ba fashi ya fi wanda ya burge a watan farko sannan aka tara wa masu gadi bashin wata uku.

Batun 'yan sanda kuwa, babu ɗaya daga cikin zaɓin nan da zai maye gurbinsu. A farkon 2024 'yan bindiga sun shiga Sagwari da ke Dutse a ƙaramar hukumar Bwari sun kwashi mutane, kuma irin wannan harin ba aikin mai gora ba ne. Aikin maigadi a irin wannan dare shi ne ya ankarar da mutane da wuri, ya kira inda ya kamata. Unguwannin da ke gefen gari kusa da daji ko duwatsu su fi ba da ƙarfi ga alaƙa da ofishin 'yan sanda mafi kusa: lambar DPO da ta motar sintiri su kasance a manne a ɗakin gadi, tare da lambar kiran gaggawa ta 112, kuma wakilin unguwa ya riƙa halartar taron kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a.

Na'urori ba sai an daɗe a kansu ba. Fitilar titi mai sola ta fi kyamara amfani a naira ta farko da za ku kashe, domin duhu ne abokin ɓarawo. Kyamara tana nuna abin da ya faru ne bayan ya faru, kuma idan ba ta da batir da inbata, wuta na ɗaukewa ta zama ado. Idan za ku sa, ku fara da ƙofar shiga, a daidaita ta ta ɗauki fuska da lambar mota. Kada ta kalli cikin gidan kowa, kuma a san mutum nawa ke da ikon kallon abin da ta naɗa. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ko babu ita ma sirrin gidajen mutane amana ne.

Sai ɓangaren da ya fi raba kan unguwa, wato tilasta bin ƙa'ida. Wane bai biya kuɗin gadi ba, wane ya kafa rumfar biki ya toshe hanya, wane janaretansa na hana maƙwabta barci, wane ya mai da gidansa masaukin baƙi na kwana-kwana. Wa zai yi magana? Zaɓi uku ne. Kwamitin mazauna ba ya cin kuɗi, amma kunya na ɗaure shi, domin da wuya ka ci tarar wanda kuke sahu ɗaya da asuba. Kamfanin kula da gidaje ba ruwansa da kunya, yana aika takarda ga kowa daidai, sai dai ana biyansa, kuma idan ba a duba littafinsa yakan zama ubangidan waɗanda suka ɗauke shi. Na uku shi ne mai ginin rukunin ya ci gaba da riƙe ragama bayan ya sayar da gidajen. Wannan ya fi ƙarfi a gaban doka idan ƙa'idojin na cikin takardar cinikin da kowa ya sa wa hannu, amma shi ne ya fi wuyar sauyawa ranar da ya fara ƙara kuɗin hidima yadda ya ga dama. Mai shirin sayen gida ko kama haya a irin wannan wuri ya nemi kundin ƙa'idoji da bayanin kuɗin shekarar da ta wuce kafin ya biya dillali. A ganina, matsakaicin rukuni ya fi samun zaman lafiya idan kwamiti ne ke yanke hukunci, wani na waje mai albashi kuma ke aiwatarwa da riƙe lissafi.

Ko wanne kuka zaɓa, ku yi wa ƙungiyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, don ta buɗe asusu da sunanta. Kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya shi ne mafarin zargi. Ku kuma san iyakarku. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, na 41 ya ba shi 'yancin zirga-zirga, kuma a 2020 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke hukunci a wata shari'a da ta shafi unguwar Gbagada cewa ba a tilasta wa mutum zama ɗan ƙungiyar mazauna. Don haka umartar maigadi ya hana mai gida shiga gidansa saboda bashin kuɗin gadi, ko a yanke masa wuta, ko a sace iskar tayar motarsa, duk neman shari'a ne. Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan ɗabi'a shi ne talakan da ke bakin ƙofa ake turawa gaba. Shi ake zagi, shi ake mari, shi ake kaiwa caji ofis, manyan da suka ba da umarni suna ɗaki. Kuma maigadin da ya zama mai karɓar bashi ya rasa amincewar rabin unguwa, babu wanda zai sake raɗa masa cewa ya ga baƙuwar mota tana zagaye.

Hanyar da ke aiki ta fi wannan sanyi: takardar tunatarwa ga wanda bai biya ba, sannan dattawa biyu su je su same shi a gida, ko limami ya sa baki, domin sau da yawa rashin biya rashin hali ne ba taurin kai ba, kuma gwauruwa mai marayu ba a auna ta da ma'aunin ɗan kwangila. Idan ya ƙi da gangan, a janye masa hidimar da ƙungiya ce ke yi da kuɗinta, kamar kwasar shara. Idan akwai yarjejeniyar da ya sa wa hannu, kotu na nan.

Ƙofar kanta ma tana da hukunci. Titin da gwamnati ta shimfiɗa na jama'a ne, rufe shi na buƙatar izinin hukumar tsara birni, kuma a Legas gwamnati ta daɗe da cewa irin waɗannan ƙofofi su kasance a buɗe daga 5 na asuba zuwa 12 na dare. Kada a taɓa sa kwaɗo a tafi da mabuɗi gida. Mace mai naƙuda da motar kashe gobara ba sa jiran a tashi shugaban unguwa. Masu garuwa, 'yan acaba, masu a-daidaita-sahu da 'yan aikin gida kuma a tsara musu shiga cikin mutunci, a rubuta suna a wuce, ba a tsayar da su a rana ana yi musu tambayoyin da ba a yi wa mai babbar mota.

Duk wanda kuka ɗauka, ku fara da gwajin wata uku. Yarjejeniyar ta faɗi adadin mutane a kowane zango, ranar biyan albashi, wanda zai biya idan an yi asara ta sakaci, mutum ɗaya tak da masu gadi ke karɓar umarni daga gare shi, da damar kowane ɓangare ya janye bayan sanarwar wata ɗaya.