XCC Mixer ko OpenRA: wanne za ka ɗauka?

Samarin da ke zuwa shagona a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi, sun ishe ni da tambaya: "Yaya, in mutum na son taɓa cikin Red Alert, da wanne zai fara?"

Red Alert wasan yaƙi ne na kwamfuta, XCC Mixer da OpenRA kuma manhajoji ne da ake gyare-gyaren wasan da su. Batun kuɗi dai babu, duka biyun kyauta ne, masoya wasan ne suka ƙera su.

XCC Mixer mabuɗi ne. Yana buɗe fayilolin .mix da wasan ke ajiye kayansa a ciki, ka ciro hoton tanka, sauti ko rules.ini, inda kuɗi da ƙarfin kowane soja suke rubuce. Har Red Alert 2 na 2000 yana buɗewa. Sai dai tsohon hannu ne, na Windows, kuma ba ya yi maka jagora. Na taɓa ɓata fayil ban ajiye kwafi ba, wasan ya ƙi tashi, sai da na sake sa shi.

OpenRA kuwa sabon injin wasa ne da aka gina wa Red Alert na farko, na 1996. Dokokinsa a fayilolin yaml suke, wato rubutu da za ka iya gyarawa, yana da wurin zana taswira, yana aiki har a Linux, wani tsarin kwamfuta daban da Windows. Amma ɗanɗanonsa ya ɗan sauya daga na asali.

Mai son tono kayan asali, ya riƙe XCC. Mai son ƙera taswira ya buga da abokai ta intanet, OpenRA zai fi masa sauƙi.