Na gwada Blender don katun ɗin kwamfuta ya fito kamar zanen hannu

Buri ɗaya ne ya kai ni ga Blender: in ƙera wata 'yar katun a kwamfuta, mai gaba da baya da kauri, amma idan ta motsa mai kallo ya rantse da fensir aka zana ta. Manhajar kyauta ce, gidauniyar Blender da ke Amsterdam ke kula da ita. Wata huɗu ke nan ina aiki da ita.

Baƙin layin da ke zagaye jiki bai ba ni wahala ba. Line Art, wani kayan aiki na Blender da ya shigo a sigar 2.93 a 2021, shi ke bin gefen siffa yana zana shi, duk inda kyamara ta juya. Launi kuwa sai na haɗa kayan sarrafa launi biyu, Shader to RGB da Color Ramp, na mayar da shi kala biyu tak, haske da inuwa, babu wani shiga-tsakani. Cikin injinan fitar da hoto na Blender, a EEVEE kaɗai wannan dabarar ke aiki, ban da Cycles.

Duk da haka da na kunna, zuciyata ba ta kwanta ba. Yarinyar tana tafiya sumul kamar an shafa mata mai, ko makaho ya shafa ya san aikin na'ura ne. Ashe matsalar a motsi take. Fim yana gudu da hoto 24 a daƙiƙa, amma masu zanen hannu sau da yawa 12 suke zanawa, kowanne ya tsaya sau biyu. Da na sa Stepped Interpolation, saitin da ke tsayar da motsi mataki-mataki, a kan 2, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wannan ɗan tsalle-tsallen shi ne abin da idona ya saba da shi tun ina yaro. Na ƙara Noise kaɗan a kan layin don ya riƙa rawa, kamar hannun mutum ne ya sake zana shi.

Inuwar fuska ce har yanzu ban yarda kwamfuta ta yi min ba. Lissafin haske take bi, sai ta ja inuwar hanci har kumatu, abin da mai zane ba zai taɓa yi ba. Na cire ta gaba ɗaya, na ɗauki Grease Pencil, fensirin zane na cikin Blender, ina zana ta da kaina, hoto bayan hoto. Daƙiƙa 10 ta cinye min kwana uku, kuma haka zan yi wa sauran.