Kafin ka zuba kuɗinka a kan albam ɗin Jackie Evancho, tsaya ka ji wanne ne naka

Ƙanwata ce ta janyo wannan rubutun. Ta ci karo da wani tsohon bidiyo na wata yarinya 'yar shekara 10 tana rera waƙar opera da murya kamar ta babbar mace, shikenan ta bi ta dame ni wai "Yaya don Allah ka saya min albam ɗinta", ni kuma na ce wanne daga ciki, ta yi shiru, don ita a zatonta guda ɗaya ne kuma yarinyar har yau tana nan a shekara goman. Toh ba haka bane. Jackie Evancho haihuwar 2000 ce a Pittsburgh ta Amurka, a 2010 ta zo ta biyu a gasar America's Got Talent, kuma daga lokacin zuwa yau muryar ta canza, salon ya canza, har mai riƙe da ragamar waƙoƙin ma ya canza. In ka sayi wanda ba shi kake nema ba haushi za ka ji, kuma ba laifinta bane.

Irin waƙar da take yi Turawa suna ce mata kurosoba, wato a ɗauko muryar da aka horar irin ta opera a ɗora ta a kan waƙoƙin zamani na pop ko na fim ko na wasan dandamali. Yawancinsu kuma ba nata bane, na wasu ne take sake rerawa da nata salon. Wasan dandamalin nan na Broadway a birnin New York in kana son ka gane shi ka tuna fim ɗin Indiya ko namu na Kannywood, ana cikin labari sai a ɓarke da waƙa, sai dai su a gaban jama'a ake yi kai tsaye kuma waƙar ita ke ɗauke da labarin, ba hutu bace.

Na farkon da mutane ke nema shine Prelude to a Dream na 2009, wanda iyayenta suka fitar da kansu ba kamfani, tana da shekara 9. Shawarata ka manta da shi. Su kansu iyayen sun janye shi daga kasuwa a 2010 saboda muryarta ta riga ta wuce abin da ke ciki, don haka duk wanda ka gani yana tallarsa a intanet ko dai tsoho ne da aka lafta wa kuɗi saboda ƙarancinsa ko kuma na jabu, kuma ko sisi ba ta samu a ciki.

In wannan yarinyar ta bidiyo kake nema, Dream With Me na 2011 shine naka. Furodusa David Foster ne ya tsara shi, akwai cikakkiyar tawagar makaɗa, akwai waƙar da ta yi tare da mawaƙiya Barbra Streisand da wata da mawaƙiya Susan Boyle, ya hau na 2 a Billboard 200, jadawalin albam mafi kasuwa a Amurka, da fitowarsa. Aiki ne na babban kamfani, an kashe masa kuɗi kuma kunne yana jin hakan. Abin da zan ce kawai, waƙoƙi da dama da Italiyanci ne, in kai mai son bin kalmomi ne za ka ɗan gaji. Songs from the Silver Screen na 2012 waƙoƙin finafinai ne, ya fi sauƙin shiga ga wanda bai saba ba. Two Hearts na 2017 kuwa rabi tsohon salo rabi pop, har da waɗanda ta sa hannu wajen rubutawa, ni dai bai kama ni ba, ji na yi kamar mutum ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba bai fita ba.

Wanda na fi so mu tsaya a kai shine The Debut, ya fito a Afrilun 2019 tana da shekara 19, bayan ta rabu da kamfanin Sony da ke fitar mata da albam, ita ta fitar da abinta. Sunan ma abin dariya ne in ka duba, mai albam da yawa a baya ta kira wannan da "na fari", amma in ka saurara za ka gane me take nufi. Waƙoƙin daga wasannin Broadway ne irin su Hamilton da Wicked da Rent da Waitress da Dear Evan Hansen, kuma ta sauko daga can saman da aka san ta ta koma rerawa kamar mai magana, kana jin kalma ɗaya-ɗaya. Na fara jinsa ne wani dare an ɗauke wuta, unguwa tsit sai janareton maƙwabta can nesa, na sa iyafis na kwanta a tabarma a tsakar gida, da aka zo kan "Burn" ta Hamilton, inda matar Hamilton ke ƙona wasiƙun mijinta bayan ta gano ya ci amanarta, akwai wurin da ta ja numfashi kafin ta ƙarasa layin, wallahi sai da na mayar da shi baya sau uku. Yarinyar 2010 ba za ta iya wannan ba, murya tana da ita amma ba ta san zafin abin ba tukuna.

Ga gwaji mai sauƙi da ba zai ci maka komai ba sai 'yar data. Waƙar "Somewhere" ta wasan West Side Story tana cikin Dream With Me tana kuma cikin The Debut. Saurari ta 2011 sannan ta 2019 a jere. In ta farkon ce ta tayar maka da tsigar jiki, sayi tsohon ka huta, kar ka bari wani ya ce maka sabon ya fi. In ta biyun ce, toh ka san inda za ka. Ƙanwata ta farkon ta zaɓa, ni ta biyu, muna gida ɗaya. Akwai kuma Carousel of Time na 2022, gaba ɗaya waƙoƙin mawaƙiya Joni Mitchell ne, wannan sai wanda ya riga ya saba da ita, kar ka fara da shi.

Sai maganar ta ina za ka saya, wanda a wurinmu nan ya fi zaɓen albam ɗin wahala. Spotify ya shigo Najeriya a 2021 kuma yana da na kyauta mai talla, ya isa ka yi gwajin da na faɗa. Apple Music sai da biyan wata-wata amma sautinsa na da kyau sosai. Boomplay da Audiomack da muka fi sabawa da su sun fi ƙarfi a waƙoƙin gida, don haka ka rubuta sunan albam ɗin ka ga ya fito kafin ka biya ko kobo. Ka kuma lura da data, in ka sa sauti a inganci mai girma wato kilobit 320 a sakan, awa ɗaya tana cin kusan MB 144, in ka rage shi zuwa 96 kusan MB 43 ne, amma irin wannan waƙar mai goge da fiyano da numfashi ita ce ta fi lalacewa in an matse ta, sai ka ji gogen yana ƙara kamar gwangwani. Dabarar ita ce ka sauke albam ɗin sau ɗaya da datar dare ko inda ka samu waifai, ka ajiye a waya.

Faifan CD sautinsa ba a matse yake ba kuma naka ne har abada, amma sai an yi oda daga waje, kuɗin kawowa kan iya fin kuɗin faifan, ga rigimar katin banki da dala, sannan tsakani da Allah mutum nawa ne cikinmu ke da abin kunna CD yanzu. In kana da ɗan'uwa mai dawowa daga Amurka ko Ingila ka saƙa masa a jaka, in babu ka haƙura.

Na san wani zai ce me ya kai ni wannan wahalar, ba sai in je shagon masu tura waƙa a sa min a memori ba. Na taɓa yi, ba zan ɓoye ba, abin da aka tura min rabinsa daga bidiyo aka yanko, tafin jama'a a ciki, ɗaya ma ta yanke a tsakiya. Kuma ga wadda ta fitar da albam da kanta bambancin yana da girma, kuɗin situdiyo da makaɗa a wuyanta yake, kuma tunda waƙoƙin na wasu ne sai an biya waɗanda suka rubuta su haƙƙinsu kafin ta ga nata. Abin da manhajojin ke biya a kan saurare ɗaya ɗan mitsitsi ne, bai kai santi ɗaya na dala ba, shi yasa sayen albam ɗin dungurungum ya fi mata amfani in kana da hali.

Ƙarshe dai abin da muka yi a gidanmu, na biya wa ƙanwata wata ɗaya ta sauke Dream With Me, ni kuma na sayi The Debut. Iyafis ɗin ne yanzu muke faɗa a kai, don nata na ɗari biyar ne kuma kunne ɗaya ya mutu.