Motar lantarki a Damagaram: yadda na same ta bayan ta ga bazara da damina

Motar da nake magana a kanta ƙarama ce ƙirar Sin, mai ƙofa huɗu, kuma baturinta yana ɗaukar kusan kilowat-awa 30, wato ma'aunin da ake lissafa kuɗin wuta da shi a takardar wata. Na saye ta ta hannun wani ɗan kasuwa mai shigo da motoci ta tashar ruwan Lome, kuma ta ga bazara da damina da hunturu a hannuna, saboda haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina. Hukuncina shi ne mota ce mai kyau ta zirga-zirgar cikin gari, amma amfaninta ga mai ita ya rataya ne a kan irin gidan da za ta kwana a ciki fiye da yadda ya rataya a kan ingancin ƙirarta.

Wajen tuƙi ba ni da abin zargi. Tana tashi nan take ba tare da jiran inji ya yi zafi ba, ba ta da giyar da ake canzawa, kuma a cunkoson bakin Kasuwar Dole, inda mutum ke tsayawa yana tafiya tsakanin ƴan kabu-kabu da amalanke, ta fi kowace motar da na taɓa riƙewa sauƙin sarrafawa. Rashin ƙararta kuwa abu ne da ke buƙatar hattara, domin a lungunan Birni da Zango yara da awaki da tsofaffi sun saba da jin mota kafin su gan ta, don haka dole direba ya rage gudu sosai ya kuma riƙa yin oda fiye da yadda ya saba.

Maganar caji ita ce gundarin al'amarin, kuma a nan ne mai niyyar saye ya kamata ya tsaya ya yi lissafi. Motar ta zo da igiyar caji da ake sokawa a soket ɗin gida mai bolt 220, tana jan abin da bai wuce kilowat biyu da ɗan ɗoriya ba, wanda ke nufin cika baturi daga ƙasa har sama yana cin awa 14 zuwa 15. Wannan adadi yana tsorata mutane idan sun ji shi, amma a zahiri ba a barin baturi ya ƙare ƙaf. Wanda ke tafiyar kilomita 30 zuwa 40 a yini, daga gida zuwa wurin aiki, da kai yara makaranta, da gaisuwar ƴan uwa, kilowat-awa 5 zuwa 6 kawai yake ƙonawa, kuma awa uku na wuta sun isa su mayar masa da su. Matsalar ita ce a samu waɗannan awa ukun da wuta mai ƙarfi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kowane gida ya kunna fanka da firji, wuta kan ɗauke, ko kuma ta zo da rauni har cajar ta ƙi aiki don kare kanta. Mu a wannan yanki kaso mai yawa na wutarmu daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina, kuma duk wanda ke nan a watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wannan wuta bayan juyin mulki har zuwa farkon 2024, ya san cewa abin da ake dogaro da shi daga ƙetaren iyaka ba a ba shi cikakkiyar amana.

Abin da ya sa motar ta zauna mini daram shi ne faifan sola da ke kan rufin gidana. A ranar da sama ta washe, faifai masu ƙarfin kilowat ɗaya da rabi suna ba da kusan kilowat-awa 7, wanda ya ishi tafiyar yini, muddin motar tana gida a lokacin da rana ke tsaka kuma na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin ta soket ɗin gida tana iya ɗaukar nauyin cajar. Ni ina dawowa gida da azahar, don haka tsarin ya dace da ni, amma ma'aikacin da ke fita da safe sai la'asar sakaliya zai buƙaci manyan baturan ajiya a gida, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. A lokacin hazo kuma abin da faifan ke bayarwa yana raguwa sosai, sai an riƙa goge musu ƙura. Akwai kuma abin da nake roƙon kowa kada ya yi sakaci da shi: a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya ja wa motar layinta na musamman daga mita, da waya mai kauri da wayar ƙasa da na'urar yanke wuta, domin soket ɗin da aka yi don talabijin ba zai jure jan wuta na awoyi a jere ba, zai yi zafi ya narke. Wanda ke haya a gidan da ake raba mita, ko wanda motarsa ke kwana a waje, ban ga yadda zai ji daɗin wannan mota ba.

Game da riba, ya kamata a faɗi gaskiya, domin masu talla suna zuzutawa da lissafin ƙasashen da fetur ke da tsada. Mu matatar mai ta SORAZ tana arewa da garin nan tun 2011, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kuma a watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke farashin litar fetur zuwa sefa 499. Ƙaramar motar fetur mai shan lita 7 a kilomita 100 tana cin kusan sefa 3,500 ke nan. Tawa tana jan kusan kilowat-awa 15 daga soket don wannan tazara, kuma ko an ɗauka ana biyan sefa 130 kan kowane ɗaya, kuɗin bai kai 2,000 ba. Rarar jika ɗaya da rabi ce a kowane kilomita 100, wato jika 15 ga mai tafiyar kilomita 1,000 a wata. Kuɗi ne, amma za a daɗe kafin su cike tazarar da ke tsakanin farashinta, haɗe da kuɗin duwan, da farashin tsohuwar Toyota mai lafiya. Inda na ga ranarta sosai shi ne a watan Maris na 2025, lokacin da aka yi ƙarancin fetur a ƙasar nan kuma layuka suka yi tsawo a gidajen mai, domin harkokina ba su tsaya ba, har na kai maƙwabta asibiti da ita.

Tafiya mai nisa ba aikinta ba ne. Takardarta ta ce tana yin kilomita 300 da caji ɗaya, amma wannan awo ne na gwaji a yanayi mai sanyi da gudu madaidaici. A kan kwalta ina samun 220 ko kusa da haka, kuma da bazara, idan na'urar sanyaya ciki tana aiki tun daga fita har dawowa, ba ta kai 200. Mirriah da dawowa ba komai ba ne. Magaria, mai nisan kusan kilomita 90, ana zuwa a dawo amma da ido a kan allon baturi. Maraɗi kuwa ta wuce kilomita 230, ballantana Yamai mai kusan 900, kuma ban ci karo da wurin cajin gaggawa a hanyoyin da na bi ba, don haka irin wannan tafiya a motar haya nake yin ta.

Hanyoyinmu ma suna da nasu hukunci. Baturin yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin motar, ya sa ta yi nauyi kuma cikinta ya yi kusa da ƙasa, ga shi unguwanni da yawa rairayi ne da duwatsu. A yashi mai zurfi tana saurin kafewa idan aka taka ta da ƙarfi, kuma dutsen da motar fetur za ta goga ta wuce, a nan yana iya taɓa abin da ya fi komai tsada a jikinta. Da damina ba na shiga ruwan da ban san zurfinsa ba. Baturin nata irin mai sinadarin litiyam da ƙarfe da fosfat ne, wanda ya fi sauran jure zafi, duk da haka a inuwa nake ajiye ta, kuma ba na sa ta caji da zarar ta dawo daga rana sai ta huce.

Gyara kaɗan take nema, tunda babu canjin man inji, babu buji, kuma birki yana daɗewa saboda injin lantarkin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin baturi. Taya da ƙafafu da ƙaramin baturi mai bolt 12 duk makanikanmu suna iya musu. Amma ranar da wata fitilar gargaɗi ta kama a allo, tsohon makanikin da ke duba mini motoci tun ina saurayi ya leƙa ya ce, "Alhaji, wannan wayoyin masu ruwan lemo ba na taɓa su, wutar da ke cikinsu tana kisa." Gaskiya ya faɗa, domin ƙarfinta ya kai ɗaruruwan bolt. Sai da na nemi wani matashi mai na'urar karanta kwamfutar mota, kuma ɗan abin da ya lalace ya ɗauki makonni kafin ya iso ta Kano.

Mai shirin saye ya tambayi dillali, a rubuce, wane ne zai ɗauki nauyin baturi idan ya samu matsala, domin garantin da kamfani ke bayarwa a ƙasar Sin ba lallai ya biyo motar da aka shigo da ita ta hannun ɗan kasuwa ba. Ya kuma duba bakin cajin, saboda na motocin kasuwar Sin daban yake da na Turai, ya tabbatar allon yana komawa Faransanci ko Turanci, sannan idan motar ta hannu ce, ya sa a auna masa lafiyar baturin a gabansa kafin ya biya ko dala.