Hattara da gasar Fantasy ta kuɗi a WhatsApp: admin ne ke zaɓar wanda zai cinye ka

Jama'a, musamman 'yan gidan kallo masu buga Fantasy ta Firimiya, ga wata damfara da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram. Wani zai buɗe zaure ya sa masa suna mai ƙayatarwa, ya ce kowane mako ana karawar gaba-da-gaba: ka turo dubu biyu, abokin karawarka ya turo dubu biyu, wanda ya fi maki ya kwashe, admin ya cire la'adarsa. Har da ƙarin tayi, wai in ka ƙara wani abu zai haɗa ka da "sabon shiga" wanda bai san kan wasan ba. A wurin haɗawar nan ake yanka mutane.

Ita Fantasy ɗin ta hukumar Firimiya wasa ne na intanet da kake haɗa ƙungiyarka, kana samun maki gwargwadon ƙoƙarin 'yan ƙwallonka a wasannin gaske, kuma kyauta ce. Ana ba ka fam miliyan 100 na wasa ka sayi 'yan ƙwallo 15, kada su wuce uku daga kulob ɗaya, kyaftin ɗinka makinsa ninki biyu ne, kuma ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na makon. Da zarar an rufe, kowa na iya buɗe ƙungiyarka ya ga wanda ka zuba. Admin ya san wannan sarai, shi ya sa ba ya fitar da jadawalin karawa kafin rufewa. Sai ranar Asabar da yamma, an riga an buga wasanni, ya liƙo jadawali yana ba da haƙuri wai netwok ne ya hana shi. Kafin nan ya ga makin kowa.

Abokan karawar kuma da yawansu shi ne. Ƙa'idar wasan ƙungiya ɗaya ce ga mutum ɗaya, amma imel ba ya wuyar buɗewa. Sabuwar ƙungiya tana da damar canza 'yan wasa ba iyaka kafin makonta na farko, alhali kai da ka faro tun watan Agusta duk canjin da ya wuce na kyauta maki huɗu ake zabtare maka. To shi kowane mako sai ya haifi sababbin ƙungiyoyi, wannan ya ba Haaland kyaftin, waccan ya ba wani, ya cika su da waɗanda wasansu ya fi sauƙi a makon. Duk wadda ta yi sama ita zai ɗora maka. Waɗanda suka faɗi ya haɗa su da junansu, aljihun hagu ya biya na dama. Na ga jadawalin wani zaure da aka turo mini, "sabon shiga" ɗin da aka haɗa wani yaro da shi, da aka buɗe tarihinsa layi ɗaya ne tal: a makon aka ƙirƙire shi, ya zo da maki na ban mamaki, mako na gaba ya ɓace.

Irin wannan gasa ta kwana ɗaya ko mako ɗaya a Amurka ta yi ƙarfi, wajen kamfanonin DraftKings da FanDuel. Ko a can da ake da rajista da lauyoyi, ƙananan 'yan wasa sun sha a jikinsu. Wani nazari da aka buga a 2015 kan gasannin besbol ya nuna kashi 1.3 cikin ɗari na masu wasa ne suka kwashe kashi 91 na ribar a rabin farko na kakar. Ƙwararru ne masu manhajar lissafi, suna zuba ƙungiyoyi barkatai, suna farautar sababbi a karawar mutum biyu. A ƙarshen watan Satumban shekarar wani ma'aikacin DraftKings ya ci dala 350,000 a FanDuel. Binciken da kamfaninsa ya sa aka yi ya wanke shi, duk da haka kamfanonin biyu suka hana ma'aikatansu shiga gasar kuɗi. A 2016 kowannensu ya biya jihar New York dala miliyan 6 kan tallan yaudara, jihar Massachusetts kuma ta wajabta a ware wa sababbi gasarsu, a kuma sa wa ƙwararru alama. To ina ga zauren da mutum ɗaya ne alƙali, shi ne ma'aji, shi ne kuma abokin karawarka?

Makonnin farko yana biya, kuma da wuri. Ya ce ka turo hoton alat a zaure kowa ya gani, kai ka zama tallarsa ba tare da ka sani ba, ka jawo ƙannenka da abokan majalisa. Sai ya sanar da babbar gasa, galibi lokacin wasannin ƙarshen Disamba da ake bugawa a jere, kuɗin shiga ya ninka sau da yawa. In wani na gaskiya ya yi sa'a ya ci, sai a ce ya fara biyan "kuɗin cirewa". Daga nan a kulle zauren, admin kaɗai ke iya rubutu, washegari layinsa a kashe. Asusun da aka riƙa tura kuɗin ma sunan da ke kai ba nasa ba ne.

Ni dai a ganina, da zarar an ce zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, caca ce ko da wane suna aka kira ta, kuma kowa ya san hukuncinta. Wannan kunyar ce ma ke rufa wa ɗan damfarar asiri, don ba wanda ke son zuwa gaban mahaifinsa ko ofishin 'yan sanda ya ce an cinye shi a caca.

Wanda ya riga ya shiga, ya buɗe shafin abokan karawarsa na baya ya duba tarihin makonninsu, zai ga amsa da idonsa. Kada ka ƙara turo ko sisi da sunan kuɗin cirewa ko na tantancewa. Ka adana rasit ɗin turawa da hotunan hirarku kafin ya goge saƙonni, ka kai ƙorafi bankinka da lambar asusun da ya karɓa tun kuɗin ba su yi nisa ba, sannan ka sanar da duk wanda kai ka shigar da shi zauren.