Hoton fili fetal: baƙi da fari ko mai launi?

Tun da aka sa fili fetal a matsayin jigon gasar ɗaukar hoto, ake ta tambayata wanne ya fi.

Ga ƙasar da ta tsattsage ko busasshen itace guda, baƙi da fari yake burge ni. Launi na gushewa sai inuwa da kaushin ƙasa su fito, ko da tsakar rana ne. Amma in hasken sama da na ƙasa suka zo ɗaya, komai zai koma toka-toka.

Mai launi yana son fitowar rana ko faɗuwarta, lokacin kuma gajere ne. Kuɗi kam duk ɗaya, waya ma ta isa. Mai launi yana komawa baƙi da fari daga baya, amma baƙi da fari ba ya dawowa, sai in a tsarin RAW ka ɗauka, wato tsarin da ke adana ɗanyen bayanan hoton yadda kyamara ta ɗauko su, har da launi.

Mai haƙurin zaman gyaran haske ya ɗauki baƙi da fari. Mai iya sammako ya riƙe launi.